Muhsina da Ruwan Baffa Ɗan'auta

Muhsina ce ta fara taɓa kwamfuta a ƙauyenmu, can bayan garin Hajj Abdalla. Marainiya ce. Ƙanin ubanta, Baffa Ɗan'auta, shi ya riƙe ta, kuma da gyaɗar gonarsa ya kai ta karatu birnin Madani. Ta dawo da wani abu wai shi PHP, yaren da ake ba kwamfuta umarni da shi. Mu dai mun ga tana yanka kalmomi, tana haɗawa, tana jera su kamar buhuna a sito.

A shekarar 2011 kwamitin ruwa ya neme ta. Rabon ruwan tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonaki, ya daɗe yana haɗa mutane faɗa, suka ce ta rubuta musu abin da zai jera manoma, kowa da ranarsa. Ta gyara sunaye, ta jera su daga alif zuwa ya. Ta ga wasu sun fito sau biyu, ta san halin mutanenmu na son shan ruwa biyu, sai ta ƙara umarnin da ke goge maimaici. Aka buga mata tafi, ta koma Madani wurin aikinta.

Abin da ba ta sani ba, kakanta Jibirin duk ɗan da aka haifa masa Muhammadu yake raɗa masa, sai a riƙa kiransa da laƙabi. A takarda, Ɗan'auta da babban wansa duk Muhammadu Jibirin ne. A gidan Ɗan'auta ta girma, amma wa ke kama sunan babba, balle ta ji sunansa na yanka? Kwamfuta ta bar wan, ta goge ƙanen.

Mai buɗe tur'a ya duba takarda ya ga Muhammadu Jibirin ɗaya tal, wato wan, ya ƙi buɗe wa Ɗan'auta. Ranar da Muhsina ta zo hutu, gyaɗar ta fara ƙonewa. Ta ruga wurin shugaban kwamiti, ta ce layi ɗaya ne za ta gyara.

Ya ce, "Ya bitti, ɗiyata, ba ke kinka ce kwamfuta ba ta son kai ba? In munka taɓa yau, gobe kowa ya zo. Khalas, magana ta ƙare, sai baɗi."

Wannan mutumin, wallahi, cinyar rago ta isa ya karkatar da ruwa a da. Ran nan ne gaskiya ta taso masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Gyaɗa ta bushe ƙurmus. Baffa, dattijo mai gonarsa, ya koma tsinkar auduga a gonakin wasu, a nan Muhsina ta same shi tana kuka.

Ta ce, "Baffa, don mi ba ka aiko mini ba tun ranar farko?"

Ya ci gaba da tsinka, bai ɗago ba. Ya ce, "Ɗiyata, duk gari na yabon aikinki. Ni ne zan tashi in ce bai yi ba?"