Zoben Iya da Sabo Ya Narkar

Ƙanena Sabo ya narkar da zoben kakarmu. Aro ya zo, wai zai sa a ɗaurin auren 'yarsa, na zare daga yatsana na ba shi. Sai ya kai wa wani mai gwal a kasuwar Lafiya, aka ɓamɓare dutsen, aka jefa azurfar a wuta, aka dasa dutsen a sabon zobe mai ruwan gwal. Sabo ya aiko yaronsa ya kawo min a ɗan akwati, wai ya gyara min.

Iya, mahaifiyar babanmu, mutuniyar Doma ce. Bayan isha'i takan tura doya cikin garwashi, ta zuba mana agushi a faifai mu ɓare, in ba ka ɓare ba babu tatsuniya. Zoben na hannunta, azurfar ta yi baƙi da tsufa, dutsen aƙiƙ ne ja kamar hanta. Na mahaifinta ne, ya yi mata yawa, sai ta naɗa masa zare. Kullum dutsen cikin tafinta yake kallo. Na taɓa juyo shi waje, ta doke min hannu.

"Kai angona, bar shi. Ba don idon mutane aka yi shi ba."

Ita ta gaya mana yadda maƙeran fari suke yi a da. Da kakin zuma ake fara siffanta zoben, a lulluɓe da yumɓu, a gasa har kakin ya tsiyaye, sannan a zuba narkakkun sulalla a gurbinsa. In ya huce dole a fasa yumɓun. "Uwar wajen haihuwa take mutuwa," in ji Iya, "shi ya sa zobe ba shi da ƙane." A cikin nata akwai ɗan lotso, inda babban yatsan maƙerin ya danne kakin.

Akwai tatsuniyar da take yawan yi. Wani manomi yana da zobe, aljana na kwana cikin dutsensa. Da rana ta fita tsaron gonarsa, da dare ta dawo, ta laluba lotson maƙeri ta gane gidanta. Wani attajiri ya sace zoben, ya sa aka goge shi sumul don kada mai shi ya shaida. Aljana ta dawo, ta laluba, ba ta ji ƙofarta ba. Gonar manomi ta bushe, attajirin ma bai samu komai ba. Har yau tana yawo a bakin rafi tana shafa hannun duk wanda ya zo wanka.

Sabo kan yi barci kafin ƙarshe. Ni nakan kwana da hannuna a hammata.

A da labarin ɓarawo na ɗauki tatsuniyar nan. Yanzu da furfura ta fito min na gane wanda ya goge ya fi wanda ya sata ɓarna, don abin sata yakan dawo. Ni boko a aji uku na tsaya, gini nake yi. Ba ni da abin da 'ya'yana za su gada sai zoben nan da Iya ta damƙa min a jinyarta ta ƙarshe.

Na je gidan Sabo a Akurba, na tarar yana cikin baƙi. Ban jira sun tashi ba.

Ya ce, "Haba Yaya, wancan fa ya yi datti, ga zare kamar na mahaukaci. Kunya nake ji a gan shi a hannunka."

Na ajiye akwatin a gabansa na ce, "Riƙe abinka. Gaisuwa za mu ci gaba da yi, don ciki ɗaya muka fito. Amma ga shaidu nan zaune: ranar da na mutu kada ka sa hannu a wankan gawata. Kai ba ka san inda ake tsayawa da wanki ba."