Ƴar Tunkiyar da Na Yi wa Wanka

Shekara talatin na yi ina karɓar haihuwa a matarnite, wato asibitin haihuwa, ta unguwarmu a Damagaram. Da na ajiye aiki sai na kwashe komatsaina na koma gonar mahaifinmu a Dogo, wajen gwaggona, ƙanwar babanmu, wadda tsufa ya rage mata gani amma bai taɓa mata baki ba. Na sayi tumaki huɗu. A cikinsu akwai wata uda, gabanta baƙi bayanta fari, tana ɗauke da cikinta na farko. Ni kuwa ina ji da kaina. Wadda ta karɓi ƴaƴan mutane, haihuwar tunkiya ce za ta gagare ta?

Ranar da ta haihu, da hantsi ne, a cikin kaka, ana ta yankan gero. Gwaggo ta tafi barkar suna a maƙwabta. Na tarar da udar a gindin gawo tana nishi, kafin in ɗaura zanena da kyau ƴar ta faɗo, jiƙe sharkaf, ƙasa da kashin tumaki duk sun manne mata. Hannuna bai jira shawarata ba. Na sure ta, na kai ta baho, na sa ruwan ɗumi da sabulu mai ƙamshi na wanke ta tas, na goge ta. Mabiyiyar kuma na haƙa rami na binne, kamar yadda na saba. Wallahi har murmushi nake yi.

Da na ajiye ta gaban uwar, sai ta shinshina ta sau ɗaya, ta ja da baya, ta sa kai ta tunkuɗe ta. Na sake turawa, ta sake tunkuɗewa, har ƴar ta kife. Raina ya ɓaci. Na ce, “Ke marar kunya, ba ke kika haife ta yanzu ba?” Ko kallona ba ta yi ba. Ta koma gindin gawon tana shinshina ƙasa tana kuka, tana neman ƴar da ke tsaye a gabanta.

Na san abin da ke jiran jaririn da bai sha nonon farko ba. Rana ta take, kukan ƴar ya fara shaƙewa, ƙafafunta suka daina ɗaukarta. Na danne uwar da ƙarfi, ta yi ta harbi, ta hana nonon sauka. Tsoro ya kama ni, irin wanda rabona da shi tun shekarata ta farko a aiki.

Gwaggo ta dawo bayan azahar. Ta ɗaga ƴar, ta kai hancinta, ta dube ni.

“Ƴar nan, amarya kika shirya ko tunkiya?”

“Gwaggo, datti ne a jikinta.”

“Dattin nan da shi uwarta ke gane ta. Ina mabiyiyar?”

Na ce na binne. Ta ce in je in tono. Ni, mai furfura a ka, na durƙusa ina tonon ƙasa da hannu, kunya kamar ta kashe ni. Gwaggo ta karɓa, ta shafe ƴar da ita tun daga ka har wutsiya, ta barbaɗa mata dusa da ɗan gishiri a gadon baya. Ta kwantar da ita daidai inda ta faɗo, sannan ta kama hannuna ta ja ni inuwa.

“Zauna. Sa hannuwan nan ƙarƙashin cinyarki.”

Udar ta matso, gishirin ya ja ta. Ta lasa sau ɗaya, ta tsaya. Ta sake lasa. Sai na ji wani sauti ya fito daga ƙirjinta, ƙasa-ƙasa, ba kukan da ta saba ba, ban taɓa jin irinsa a bakin dabba ba. Ƴar da na fid da rai da ita ta ɗaga kai ta amsa. Ikon Allah! Uwar ta yi ta lasarta tana wannan gunaguni, ƴar ta yunƙura ta faɗi, ta sake yunƙurawa, ta lalubo hantsa. Da wutsiyarta ta fara kaɗawa na san nono ya shiga.

Kuka na yi, ba na ɓoyewa. Na tuna mata nawa suka miƙo hannu daga kan gado, ni kuwa na riga na juya da jaririn zuwa wajen wanka da awo, ina ce musu su yi haƙuri tukuna.

Gwaggo ta rasu damina biyu bayan haka. Bara ƴar tunkiyar nan ta yi haihuwarta ta fari a gindin gawon. Na ɗauko tabarma na zauna daga nesa, na sa hannuwana ƙarƙashin cinyata, ban cire su ba sai da na ji sautin nan.