Takobin Kakanmu a Hannun Maƙeri

Mun tashi da asuba daga Haɗeja, ni da wani maƙwabcina mai fataucin kifi, bayan mun idar da salla. Ba tafiyar nishaɗi ba ce. Jiyan ne saƙo ya zo, bayan ya yi kwanaki a hanya, daga Gwaggo, ƙanwar mahaifinmu da ke wani ƙauye bayan Auyo, cewa ambaliya ta shiga ɗakinta, takobin kakanmu ya yi tsatsa, ta ba maƙerin garin ya wanke shi. Mai saƙon ya ƙara da cewa maƙerin ya ce zai gyara shi har ya miƙe.

Wannan kalma ce ta tayar mini da hankali. Takobin ƙasarmu miƙaƙƙe ne, amma na kakanmu lanƙwasasshe ne kamar jinjirin wata, haka aka ƙera shi. Daga Makka ya zo da shi, zamanin da ake tafiya aikin Hajji a ƙasa. Yakan ce ƙarfen na Farisawa ne, ƙotar aikin Turkawa ce, a hannun wani Balarabe kuma ya saye shi. A jikin ƙarfen akwai Basmala da sunan wanda ya ƙera, da wasu zane-zane kamar igiyar ruwa. Maƙerin ba shi da waya, sai dai a je.

Motar Auyo ba ta cika da wuri ba. Muka zauna a tasha har hantsi, muka karya da koko da ƙosai, ƙosan ya ƙanƙance fiye da na bara, kuɗinsa kuwa ya ƙaru. Da muka kama hanya, ko'ina shinkafa ce kwance cikin ruwa, manoma na kaɗa gwangwani suna korar tsuntsayen jan-baki. Direba na kauce wa ramuka, ramukan na bin sa. Kafin mu isa Auyo ƙuguna ya riƙe.

Daga nan sai babur, har inda ruwa ya yanke hanya. Muka shiga kwalekwale. Matuƙin Babarbare ne, abokin wasanmu mu Fulani, da ya ga yadda na ƙanƙame gefen jirgin sai ya ce, “Bafillace, saki jikinka. Ruwan nan ba ya cin ramamme.” Na ce masa bawa ba ya yi wa ubangidansa dariya. Aka yi ta raha, ni kuwa ina ta salati a zuci. Ciyawar kacala ta toshe mashigi, sai da muka yi dogon zagaye, rana na dukanmu, sauro da tsakar rana bai ji kunya ba.

Bayan azahar muka isa. Ban ko tsaya gaida Gwaggo ba, na zarce maƙera. Dattijo ne maƙerin, ya ajiye masaɓa ya taso da fara'a.

“Allah gafarta Malam, sannu da hanya. Ai takobinku ya ba ni wahala. Kwana uku ina fama da shi a wuta, ƙarfe mai taurin kai. Ban san wanda ya tanƙware shi haka ba, ya mai da shi lauje.”

Ya jawo shi daga cikin tsumma, ya miƙo mini da hannu biyu. Ga shi sambal, yana ƙyalli. Na juya shi, na sake juyawa. Zanen ruwan nan ya tafi. Inda Basmala take, guduma ta bi ta kai, sai harafi ɗaya ko biyu da nake iya ganewa.

“Kuma ba na son ko sisi,” in ji shi. “Kakanku ne ya raɗa wa ubana suna.”

Me zan ce wa mutumin da ya yi kwana uku a bakin wuta saboda girman kakana? Na ce, “Allah ya saka da alheri.” Murya dai ba tawa ba ce.

Gwaggo idanunta sun yi rauni. Bayan mun gaisa ta ce in ba ta takobin. Ta ɗora shi a cinya, ta bi bayansa da yatsa tun daga ƙota har tsini, a hankali. Sai ta ce, “Ɗan nan, wannan ba na Baba ba ne.” Na ce shi ne, Gwaggo. Ta ce, “To, ya mutu shi ma.” Ta sa aka ciro kubensa daga bayan gado, na fata, ya bushe ya tsage, amma yana nan a lanƙwashe. Muka gwada, takobin ya ƙi shiga. Ta ce in bar wa garin takobin, liman ya riƙa dogarawa ran Juma'a, ni in tafi da kuben.

An kawo mana tuwon shinkafa da miyar kifi, na ci don kada a ce na raina. Muka juyo da la'asar, ruwan nan dai, kacalar nan dai. Matuƙin ya ga fuskata, bai sake tsokana ba.

Mun shigo Haɗeja ana kiran isha'i, ƙafafuna sun kumbura, na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Laifin ba na maƙeri ba ne. Ni na san tarihin takobin nan tun ina yaro, ban taɓa gaya wa kowa a ƙauyen ba, ina ganin abin da na sani kowa ya sani. Washegari na ɗauki alƙalami na rubuta duk abin da na ji daga bakin kakanmu da ajami, na zana siffar takobin yadda take a da, na naɗe takardar na zura a cikin kuben. Ita ta shiga.