Saƙon Hamdara da Na Hana a Kawo Mini

Malam Edita, ina gaishe ka da masu karatu, ina kuma roƙon ɗan fili in sauke wani kaya da na daɗe ina yawo da shi. Yau ni dattijo ne, na ajiye aiki na dawo gida Damagaram bayan zama a ƙasashen mutane da dama. Amma a shekarun babban farin nan da ya kashe shanu ya watse ƙauyuka, ni saurayi ne da ya ci bak a lise, wato jarrabawar gama sakandare, ya samu aiki a buro, wato ofis, na wani shirin noma da Turawa ke tallafa wa. Asalina wani ƙauye ne a ƙasar Hamdara. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, sai kawuna, wan mahaifiyata, baduku a Birni, wato cikin garin Damagaram, ya ɗauke ni don in yi lakwal, karatun boko ke nan. Inna ta zauna a ƙauye da ƙanwata. Ni ne ɗanta na farko, ita kuma irin matan da ce masu tsananin kunya. Ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta haɗa ido da ni, in za ta ba ni fura sai ta miƙa wa ƙanwata ta ce a kai wa baƙon Birni.

A buron nan na fara ganin na'urar da muke ce wa ordinater, wadda yaran yanzu ke kira kwamfuta. Ɗakinta kaɗai ke da sanyi a duk gidan, in an tashi aiki kuma a lulluɓe ta da zane kamar amarya. Wani Bature injiniya, wanda muke ce wa Mushe, ya ga ina da saurin hannu sai ya fara koya mini rubuta purogaram. Darasinsa na farko shi ne na'ura ba ta san nufinka ba, abin da ka faɗa mata kawai take yi. Aikina na kullum shi ne shigar da ma'aunin ruwan sama da ake aiko mana daga ƙauyuka. A shekarar nan yawanci sifili nake bugawa. Na buga sifilin Guna, na buga na Mirriya, na buga na Hamdara, yatsana bai taɓa rawa ba, don ni a lokacin damuwata ita ce layukan su jeru daidai.

Da asuba nake bin layin pampo da jarka, don duk wanda ya san Damagaram ya san wahalar ruwanta, balle a waccan shekara. Daga nan sai buro. Ba a ba ni na'urar sai Mushe ya gama da ita, wuta kuma ba ta da alkawari, saboda haka na saba rubuta purogaram ɗina a takarda. Bayan la'asar sai in shimfiɗa tabarma a zauren kawu, cikin warin fata, in riƙa bin layukan da yatsa ina yin kamar ni ne na'urar, har in gano inda na yi kuskure. Kawu yana ɗinki yana tsokanata. Ya kan tambaye ni ko ƙarfen nan ya faɗi ranar da za a yi ruwa, in na ce a'a sai ya ce to gara akuyar maƙwabta, ita ko banza tana kuka in hadari ya taso. Shi ya sa mini suna makiyayin ƙarfe, har sunan ya isa ƙauye.

Ana cikin haka Mushe ya zo da labarin wata gasa da za a yi a Yamai ta matasa masu rubuta purogaram, kwankur kamar yadda muke cewa, waɗanda suka yi fice a ba su bursi, wato tallafin karatu, su tafi karatu waje. Ya ce ya sa sunana. Tun daga ranar ban ƙara ganin komai ba sai gasar. Amma lokacin ne kuma yunwa ta kai ga ƙashi. Mutanen ƙauyenmu suna ta kwararowa Birni, kowa ya sauka a zauren kawu, kowa da saƙo a bakinsa, don sun ji ɗansu yana aiki da Turawa. Wannan hatsi, wancan magani, wani kuma so yake in roƙa masa aikin gadi. Ina aika wa Inna abin da ya sawwaƙa duk wata, sai nake ganin na fita hakki. Wata rana wani ɗan uwan mahaifina ya bi ni har buro, ya tura ƙofar ɗakin na'ura da sallama, ƙafarsa ta ja wayar wuta, aikin da na yini ina bugawa ya tafi. Kunya ta kama ni har wuya a gaban Mushe.

Da na koma gida na tsaya a kan kawu, ko zama ban yi ba, na ce daga yau kada a ƙara kawo mini saƙon ƙauye sai na dawo daga Yamai. Ya ajiye basillarsa ya dube ni. Ya tambaya ko wane irin saƙo. Na ce ko wane iri. Ya sake tambaya, a hankali, yana kirana ɗan ƙanwata, wai ko na ji abin da bakina ya faɗa. Na ce na ji, in ana so in zama mutum a bar ni in yi karatu. Ya ce to, ya ɗauki basillarsa. Daga ranar zauren ya yi mini shiru, baƙi na ganina sai su gaishe ni su sunkuyar da kai. Na ji daɗin haka ƙwarai.

Ana saura 'yan kwanaki in tafi, kawu ya ce za shi ƙauye sayen fatu, don shekarar nan dabbobi na mutuwa fata ta yi arha. Ya kwana biyu ya dawo ba fata ko ɗaya, ban kuma tambaye shi dalili ba. Na dai ce yaya mutanen gida, ya ce suna gaishe ni. Ya zauna ya ɗinka mini wata 'yar jakar jar fata daidai faɗin disket ɗina, faifan da nake adana aikina a ciki, ya yi mata ado irin na Damagaram, ya ce kada 'yan Yamai su ce makiyayin ƙarfe ya zo da kayansa a tsumma. Ranar tafiya ya raka ni tasha, ya riƙe hannuna ya daɗe bai sake ba, bakinsa yana motsi. Na ɗauka addu'a yake yi. Yaron kar, motar da za ta kai mu, ya buga ƙofa, na zare hannuna na shiga.

Ban taɓa zuwa Yamai ba sai wannan karon. Da na ga kogi, duk da ya janye sosai, sai da na tsaya ina mamakin wai akwai garin da ruwa ke wucewa ba mai tare shi da jarka. An tara mu a wani babban zaure, na'urori a jere, kowa da tasa. Ni da ban taɓa samun na'ura tawa ni kaɗai ba, sai na zauna ina ta kallon tawa. Wanda ke gefena wani Bafillace ne, da ya ji Inna Babarbariya ce sai ya ce ashe bawansa aka ajiye masa kusa, in na gama in goge masa takalmi. Na ce ya fara komawa ya nemo shanunsa da suka ɓace. Dariyar nan ce ta kwantar mini da hankali. Aka ba mu tambayoyi, babbar cikinsu ita ce a nemo wa mota hanya mafi kusa tsakanin garuruwa. Na bi al'adata, na fara da takarda, ina jin ƙarar yatsun mutane kamar ruwa a kan kwano. Da na buga nawa sai na'urar ta shiga zagaye ta ƙi fita.  Na koma takarda ina bi da yatsa, kamar ina zauren kawu, har na ga wurin da na manta in gaya mata yaushe za ta tsaya. Na gyara, ta ba ni amsa. Da aka faɗi sakamako ni ne na biyu, kuma na biyu ma yana da bursi. Bafillacen nan ya ɗaga ni sama yana ihu wai bawansa ya fitar da shi kunya.

Na shiga kasuwa na sayi zane mai shuɗi, irin launin da Inna ke so. Duk tsawon hanyar dawowa ina tsara yadda zan ajiye shi a gaban ƙanwata in ce a kai wa mai ɗakin nan, yadda Inna za ta kau da kai ta ce an gode wa baƙon Birni. Na iso da yamma. Kawu ya tarbe ni, ya sa aka kawo ruwa, aka kawo tuwo, ya ce in ci tukuna. Na ci ina ba shi labari, na kogi, na Bafillace, na zagayen da ya ƙi ƙarewa. Ya saurara har ƙarshe, har ma ya tambaye ni wanda ya zo na farko ɗan ina ne. Sai da na wanke hannu sannan ya ce in yi haƙuri, gobe da sassafe za mu ƙauye, don gobe ne sadakar bakwai ta Inna.

Ban san yadda na kai gari ba. A tsakar gidanmu na tarar da tukwanen anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake jiƙawa ana sake ruwa kafin su ciwu. Shi suke ci tun tuni. Hatsin da nake aikowa, in ji ƙanwata, Inna na dama wa yaran maƙwabta kunu da shi, ta ce ita babba ce, cikinta ya san wuya. Da zawo ya kama ta ba ƙarfin da za ta tare shi. Ƙanwata ta ce tun kafin kawu ya zo Inna ta aika Birni cewa tana son ganin baƙon nan, abin da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Saƙon ya isa zauren kawu ina zaune a cikinsa ina bin layuka da yatsa. Da kawu ya zo shi kaɗai ya ce mata ina shirin jarrabawa, sai ta yi murmushi ta ce a bar shi da kiwonsa, ƙarfe ma amana ne. Amma duk da haka, ko jaki ya tsaya a ƙofa sai ta ɗaga kai. Ranar da za ta cika, in ji ƙanwata, ta yi ta kiran wani suna. Da farko ƙanwata ba ta gane wa take nufi ba, don ba ta taɓa jin sa a bakinta ba. Sunana ne.

Na juya kan kawu a gaban mutane, na faɗa masa maganar da ba a faɗa wa babba. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya tambaye ni sau biyu. Ya ce a tasha ya buɗe baki zai faɗa, ya tuna ta ce a bar ni, ya tuna na ce ko wane iri, sai ya rufe. Ya ce ni uwa na rasa, shi kuma ƙanwar da ya goya a bayansa, kuma shi kaɗai ya ɗauki abin yana ɗinka mini jaka.  Zanen shuɗin na ba ƙanwata, ba ta taɓa ɗaura shi ba.

Na tafi karatun, na yi aiki a Libarbil, da Dakar, da Tunis, har ƙasar Kanada mai sanyi. Na koyi harsuna, na kuma lura da yadda kowace al'umma ke isar da mugun labari. Bature zai kira ka ya faɗa maka kai tsaye ko kana tsakiyar taro, a da ina ganin rashin tausayi ne. Balarabe zai yi ta zagaye da addu'a, amma kafin ya tashi ya faɗa. Mu kuwa muna ɓoyewa saboda ƙauna, mu ce kada a tayar wa matafiyi hankali, kada a ɓata wa ɗalibi jarrabawa, sai ya ci ya sha. Ban ce al'adarmu mugunta ce ba, na san daga tausayi ta fito. Amma gasa tana dawowa wata shekara, ni kaina daga baya na zauna alƙali a gasa irin wannan ban san iyaka ba. Da an bar ni na zaɓa, ban san abin da saurayin nan mai taurin kai zai zaɓa ba, amma da ko ba komai ya sani.

Saboda haka ina kira ga iyaye da kawunnai, in yaro ya faɗi maganar wauta cikin zafin buri, kada ku bi ta kamar na'ura. Ku kama kunnensa ku gaya masa. Ku kuma 'ya'yana masu wannan sana'a, ina ganinku a wuraren gasa, kun toshe kunnuwa, kun kife wayoyinku, kun ce kada kowa ya neme ku sai kun gama. Na san daɗin da ke cikin wannan nutsuwa, na sha shi. Ku dai bar ƙofa ɗaya a buɗe, ku ce ban da saƙon gida. An kira sunana a manyan zauruka, da Faransanci da Larabci da Turanci, an tafa mini. Amma baki ɗaya ne na yi ta jira tun ina yaro in ji ya kira shi. Ya kira, har ya maimaita, ni kuwa na riga na ce kada a gaya mini.