Ranar da Muka Bi Bayan Malam Zuwa Doguwa

Na so in bar labarin nan a cikina, don mutum biyun da ya shafa suna nan da ransu, kuma kowanne ya ji zai ce na goyi bayan ɗayan. To amma an daɗe ana ba da shi a majalisa ana ƙara masa gishiri, gara ku ji daga bakin wanda aka yi abin a gabansa.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya, mai harkar hatsi a Kano. Allah ya buɗa masa, ya sayi wata baƙar mota 'yar Jamus, mai ƙofa huɗu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya tashe ta a ƙofar gidanmu na Bebeji, har kajin maƙwabta sai sun watse. Ina kuma da taubashi, ɗan gwaggona, mai sayar da takin zamani. Shi farar mota ya saya, 'yar Japan, ga girma ga shiru, kamar mutum a gidan surukai. Tun daga nan zaurenmu bai ƙara samun sakat ba.

Ƙanen nawa ya kan ce, "Tawa kafin ka gama bisimilla ta bar gari."

Taubashin ya ce, "Ta bar gari ta tafi wajen bakanike. Bawana, ka taɓa neman fitilarta a kasuwa? Tawa ko gobe na ce zan sayar, kafin azahar an saye."

Sai su juyo kaina wai in raba gardama, tunda na ga Legas da Kwatano da Agadas da Jidda. Ni kuwa duk yawon nan a kujerar fasinja na yi shi. Sai in ce musu duk suna da kyau, in nemi hanyar alwala.

A daminar da nake ba ku labari aka sa ɗaurin auren yaron wajena, na fari. Yarinyar malamar makaranta ce, iyayenta Fulani ne masu noma da kiwo a ƙasar Doguwa. An taɓa sa rana muka ɗaga saboda rashin lafiya a ɓangarenmu, abin kuma bai yi wa baffanta daɗi ba, shi ne waliyyinta. Da aka sake sa rana ya aiko cewa da an sauko Juma'a za a ɗaura, don mutanensa daga rugage za su zo, kuma dabbobi ba sa jira. Ya rufe da cewa, "In kun zo, madalla. In ba ku zo ba, mun fahimta." Wannan "mun fahimta" ɗin ita ta hana ni cin abinci.

A wajenmu uba ba ya karɓar wa ɗansa aure. Wakilinmu shi ne Malam, ƙanin mahaifinmu, dattijon da ya rage mana, yana da makarantar allo a Ɗansoshiya. Da hantsi muka biya ta Kiru muka je ɗaukarsa, goro da alawa a but ɗin mota. Ina cikin baƙar, farar tana biye.

Malam ya fito da sandarsa, sai kowanne ya ruga ya buɗe ƙofar baya ya durƙusa. Kowa yana son a ce tasa ce ta ɗauki Malam. Ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya sa musu albarka, sannan ya wuce su duka ya shiga wata tsohuwar mota mai jigilar rake, ta wani tsohon ɗalibinsa, magidanci mai furfura. Bai so ya fifita kowa ba. Ban damu ba a lokacin, don rana ba ta yi nisa ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne, a gidanmu ƙarami ba ya wuce motar babba. Ko jana'iza za a je, ko biki, wadda ta ɗauki dattijo ita ce gaba. Ba wanda ya taɓa faɗa mana, haka muka tashi muka gani.

Muka hau kwalta. Da farko mai raken yana tafiya daidai gwargwado. Muna wuce Kwanar Dangora sai ya fara ragewa, yana raɓawa gefen titi. Ƙanena ya rage. Shi ma ya ƙara ragewa. Masu babur suna wuce mu suna leƙen gilas, su ga wane ne ba shi da lafiya. Wata babbar mota shaƙe da masara ta danna mana hon ta wuce. Na dubi allurar maleji, tana kwance kamar mai zazzaɓi.

Na ce, "Ko Malam jikin ne ya motsa?"

Ya ce, "Yaya, ƙila lazimi yake yi, ba ya son girgiza."

Wayarsa ta yi ƙara, taubashin ne daga baya. "Bawana, rage gudu mana, na kasa kamo ka."

Ƙanena ya kife wayar. Ni ko murmushi ban yi ba. Inuwar bishiyoyi nake kallo tana ta shigewa ƙarƙashinsu. Ga sanyin mota har yana shiga ƙashi, ga ni ina gumi. Yaron nan nake tunawa, yadda ya rako mu ƙofar gida da safe ya kasa haɗa ido da ni. Aka kira daga Doguwa aka ce masallaci ya fara cika. Na ce ga mu nan kusa, Allah ya yafe mini.

Na ce, "Ka ɗan matsa kusa da shi, ko zai gane."

Ya matsa. Mai raken ya ƙara sauka gefe, ya ƙara ragewa. Sau da yawa bakina ya ɗauko "wuce shi kawai", sai in tuna fuskar mahaifinmu, in haɗiye.

Muna shiga Tudun Wada tsohuwar motar ta sauka daga titi gaba ɗaya ta tsaya. Muka tsaya, muka firfito da sauri, ni har na fara salati. Mai raken ya fito ya cire hula, rigarsa sharkaf.

Ya ce, "Alhaji, don girman Allah, laifin me na yi muku? Tun Kwanar Dangora nake ba ku hanya. Ina ni ina shiga gaban manyan motoci, kuna shaƙar hayaƙina?"

Na ce, "Malam fa?"

"Malam barci yake tun da muka hau kwalta."

Ashe shi yana girmama mu, mu muna girmama Malam, muka taru muka cinye safiyar a hanya.

Aka tashi Malam, aka yi masa bayani. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya leƙo ya dubi rana, ya kira ƙanena.

"Kai ma baffan angon ne. Na wakilta ka, je ka karɓa masa. Ɗan aike bai wuce babba ba, aikensa yake yi." Ya juya ga taubashin. "Kai kuma buɗe min taka, ƙashina ba zai ɗauki abin da wancan zai yi ba."

Na hau jirgi, na hau kwalekwale, na hau bayan akori-kura a cikin sahara, amma ban taɓa jin abin da na ji a dajin Falgore ba. Ƙanena yana taka baƙar, kujera ta haɗiye ni. Bishiyoyi suka zama kore ɗaya. Ni da nake roƙon gudu tun safe, sai ga ni ina cewa, "A hankali, a hankali, gara a makara." Inda kwalta ta fashe kuwa, sai ta zama abar tausayi: ya taka birki, ya karkace, cikinta ya karci ƙasa, shi kuma ya yi nishi kamar nasa cikin ne.

Mun kusa fita daga dajin sai garken shanu ya tare hanya. Hannunsa ya tafi wajen hon, na riƙe shi. Wanda za shi neman aure gidan Fulani ba ya firgita shanu, ba ka san na wane ne ba. Muka zauna muna kallonsu suna tsallakawa ɗaya bayan ɗaya, makiyayin ya ɗaga mana sanda, muka ɗaga masa hannu. Waya ba sabis. Ban san ko ana huɗuba ba, ko an idar.

An idar. Muka tarar ana neman takalma, wasu har sun hau babura. Baffan yarinyar yana tsaye a gindin wata bishiya, dogo, siriri, ya rataya sanda a kafaɗa. Ƙanena bai ko rufe ƙofa ba, ya je ya zube a gabansa da shaddarsa a cikin taɓo, ya gaishe shi, ya ce Malam ne ya aiko shi. Ni ina can baya, inda uba ya kamata ya tsaya.

Tsohon ya dube shi. Ya dubi motar, gefenta duk jar ƙasa, tana ta ƙaf-ƙaf saboda zafi.

"Malam ɗin yana ina?"

"Yana tafe, Baffa."

Ya ɗaga sandar ya yafito masu babura. "To, a shimfiɗa tabarmi."

Aka nema, aka bayar, aka shafa fatiha. Ana rabon goro farar ta iso a natse, Malam ya fito ya ƙara addu'a, sannan ya ja mu sallar azahar, mu da Juma'a ta wuce.

Kada ku zaci gardama ta mutu. Har gobe ɗaya yana cewa tasa ce ta ceci aure, ɗayan yana cewa tasa ce ta ɗauki Malam. Mai rake ba ya shiga, ya ce shi ya tuba da bin ayari.

Da muka zo sallama, baffan yarinyar ya riƙe hannuna, ya rako ni har bakin titi. Fuskarsa ba alamar wasa ya ce, "To Alhaji, in Allah ya kawo rabo aka zo suna, a wacce za ku taho? In sani, ko in sa a bar yankan rago sai la'asar?"