Garantin Shekara Biyar

Da hantsin ranar Laraba, tara ga watan Mayu, ina tsaye a bakin shagona ana sauke siminti, wayata ta yi ƙara. Matarka ce, Yaya. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Ka zo, Malam ya cika." Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Mun daɗe da sanin irin ciwon ƙodar da ke cinka, likitoci ba su ɓoye mana komai ba. Duk da haka na zauna a kan buhun siminti da fararen kayana, ban san na zauna ba sai da direban motar ya dafa kafaɗata.

Waɗanda suka zo gaisuwa sun faɗi alherinka fiye da yadda zan iya. Tsoffin ɗalibanka sun cika ƙofar gida, wasu da furfura a gemu, wasu mata da goyo, kowa na cewa kai ka cire masa tsoron lissafi. Ni ma shaida ne, domin kai ka riƙe ni bayan rasuwar Baba, kuma a duniya ba ka taɓa samun ɗalibi mai taurin kai kamata ba. A jikin bangon tsakar gida kake rubuta mini da alli, ina hamma ina kallon ƙofa. Ban taɓa jin ka ce wa yaro "ba ka gane ba". Kullum sai dai ka goge allon da gefen hannunka ka ce, "Laifina ne, ban yi bayani da kyau ba, bari in sake." Ka sake mini raba dogon lissafi har bangon ya yi fari fat, ranka bai ɓaci ba.

Amma abin da nake so in rubuta a yau ƙaramin abu ne, wanda bai kai tafin hannu ba.

Da ciwo ya zaunar da kai ka bar makaranta, damuwarka ɗaya ce, wato Auta, 'yarka ta ƙarshe. Ta gama shekarar farko a sakandare ke nan, kuma ta gado kawunta wajen gudun lissafi. Ka koyar da 'ya'yan mutane shekara da shekaru, ga taka ta zo daidai lokacin da kake shirin tafiya. Sai ka ƙudurta za ka ɗauki darasin lissafi na sakandare gaba ɗaya a bidiyo, tun daga ajin da take har na ƙarshe, ka ajiye mata a kwamfutar gida. Ka jingina ƙaramin farin allo a kan teburin falo, ka ɗaure waya a saman tulin littattafai, ka fara.

Matsalar ita ce kwamfutar. Tsohuwa ce, irin mai akwati a ƙarƙashin tebur, kuma faifan ajiyarta mai juyawa ya gaji. In an kunna ta sai ta yi ta gurnani, matarka ta dafa shayi ta kawo, ita ba ta gama farkawa ba. Kai kuma ƙarfinka ɗan kaɗan ne. Ranar wankin ƙoda ba ka moruwa, washegari da safe ne kawai kake samun sararin zama a miƙe, kafin rana ta ɗaga jiki ya saki. Wannan ɗan sararin ne na'urar take cinye maka. Ka ɗauki darasi, ka zo juyewa ka gyara, ta tsaya cak. Wata rana ta haɗiye darasi guda ɗungurungum, wanda ka yi shi kana haɗa gumi. Ranar ce kaɗai na ga ka kifa kanka a kan tebur.

Wani tsohon ɗalibinka ya ce ba sai an sayi sabuwar kwamfuta ba, a canza faifan kawai a sa SSD, wanda ba ya juyawa, ba ya gurnani, kuma yana buɗe komai nan take. Asibiti ya riga ya lashe abin da ke gidan, ɗan abin da ya rage ba yawa, kuma ka rantse ba za ka karɓi kuɗina ba tunda ina cikin hidimar magani. Na ce to mu je mu sayo yau. Ka dube ni ka ce, "Sarkin gaggawa, zauna." Sunan da kake kirana da shi ke nan tun ina yaro.

Ka sa na kwance murfin akwatin, ka haska ciki da fitilar waya, ka ɗauki hoton inda faifan yake shiga. Ashe iri biyu ne, akwai siriri kamar tsinken cingam, akwai mai faɗi kamar ƙaramar wayar hannu, kuma tsohuwar tamu mai faɗin kaɗai take karɓa. Da ni ne da na sayo siririn don ya fi kyan gani, in dawo ina zagin mai shago. Ka kwashe kwanaki kana karatu a waya, kana kwance ana wanke maka jini kana tambayar ɗalibin nan. Ina yi maka tsiya cewa ko auren fari ba a yi wa irin wannan bincike, kana murmushi kawai.

Ranar da muka je shagon, na riƙe ka muka hau matakala a hankali. Wuri ne matsattse, wayoyi na reto daga sama, fanka na kaɗa ƙura. Mai shagon ya fito mana da guda biyu ya ajiye a kan gilashi. Ɗaya babu sunan kamfanin da aka sani a jikinsa, amma an rubuta masa ciki, wato wurin ajiya, mai girman gaske, ga araha. Ɗayan ƙarami ne, bai kai rabin cikin wancan ba, farashinsu kusan ɗaya. Ni da na saba da kasuwa, idona ya tafi kan babban. Na ce, "Yaya, ga banza ta faɗi, me muke jira?"

Ba ka kula ni ba. Ka tambayi mai shagon ko ya taɓa cika babban da kaya ya ga ya riƙe. Mutumin kirki ne, ya sosa ƙeya ya ce gaskiya wasu irinsa in sun yi nisa sai su fara cinye abin da aka zuba da farko, shi ba zai ɗaukar maka alkawari ba. Ka ɗauki ƙaramin, ka juya bayan kwalin, ka kawo shi kusa da tabaranka.

"Wannan fa, garantinsa shekara nawa?"

"Shekara biyar, Malam. In ya samu matsala kamfani zai canza."

Sai ka yi dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba, har da tari. Ka ce, "Ka ji, ya fi nawa garantin tsawo." Mai shagon bai gane ba, ya taya ka dariya. Ka juyo ka ce mini a hankali, "Shekara biyar ta rage wa Auta ta gama sakandare. Shi za mu ɗauka."

A nan na fahimci abin da kake yi tun farko. Ni ina neman wanda ya fi girma, kai kana neman wanda zai raka yarinyarka har ƙofar jarrabawarta ta ƙarshe. Mutum yana tsaye da ƙyar, ya san ba zai ga ƙarshen shekarar ba, amma yana duba bayan kwali da natsuwa kamar mai zaɓar wanda zai bar wa amanar gida. Na sha ganin masu ƙarfin hali, ban taɓa ganin irin wannan ba.

Na ce cikinsa ba zai ɗauki darussan duka ba. Ka ce zai ɗauka, domin ba fuskarka Auta take buƙata ba, hannunka da muryarka sun isa. Ka rage nauyin bidiyon, ka saukar da wayar ta kalli allo kaɗai, ka daina dogon sharhi. Tsohon faifan ma ba ka yar da shi ba. Ka ce a bar shi a ciki ya riƙe kwafi na biyu, domin garanti sabon faifai yake mayarwa, ba ya mayar da abin da ke ciki. Ka kuma gargaɗe mu kada mu cika sabon maƙil, a bar masa wurin numfashi.

Da aka sa shi aka danna maɓalli, matarka ta miƙe za ta dafa shayi kamar yadda ta saba. Ba ta kai ƙofar kicin ba allon ya haska. Ka tafa hannu kamar yaro. Daga ranar aiki ya miƙe. Safiyar da a da take ba ka darasi ɗaya da ƙyar, yanzu sai ka yi biyu, wata rana uku. Ka rame, ƙafafunka suka kumbura, rubutunka ya fara karkacewa, amma aji na bin aji. Duk wanda ke gidan ya san tsere kake yi.

Darasin ƙarshe ni na riƙe maka allon, domin hannunka na hagu ya daina iyawa. Na ajin ƙarshe ne, wanda Auta ba za ta buɗe ba sai ta zama budurwa. Na ji muryarka ta canza. Ka daina lallashin da kake yi a darussan farko, ka koma yi mata magana kamar babba. Ka ce, "Yanzu kin girma, ba sai na riƙe miki hannu ba, ki gwada wannan da kanki kafin ki ga nawa." Kana magana da budurwar da ba za ka taɓa gani ba, kuma ka san ta sarai. Allon ya karkace a hannuna, ka ɗago ka harare ni, na daidaita shi. Da ka gama ka danna ajiya, kafin ka jingina bayanka ya shige. Ka ce, "Alhamdu lillahi," ka rufe bakin makar da kake rubutu da ita. Ba ka sake zama a teburin ba.

Bayan an watse daga zaman gaisuwa, wata safiya ina falo tare da matarka, Auta ta fito da littafinta ta zauna a kujerarka. Ba wanda ya sa ta. Ta danna maɓallin, ta buɗe wani darasi. Da tsohon faifan ne, da mun samu lokacin shirya zukatanmu, ko mu fita tsakar gida. Wannan bai ba mu ba. Nan take hannunka ya bayyana a kan farin allo, muryarka ta cika ɗakin: "Auta, kawo kujerarki kusa. In kin ji ba ki gane ba, laifina ne. Ki mayar da shi baya, in sake."

Ta mayar da shi baya, Yaya. Ka sake.

Ya Allah, ga bawanKa ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka lulluɓe shi da rahamarKa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kankarar zunubi. Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa ilimin da ya bari ya riƙa isa gare shi duk lokacin da wani yaro ya gane abin da a da bai gane ba. Ka haɗa shi da iyayenmu a Aljanna.

Ina miƙa ta'aziyyata ga matarsa, wadda ta yi jinya ba ta taɓa ɗaga murya ba, da 'ya'yansa, da 'yan'uwa, da ɗalibansa a duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya kyautata namu ƙarshen. Ke kuma Auta, Allah Ya raya ki, Ya kai ki ranar da za ki buɗe darasin ƙarshe. Babanki yana can ciki yana jiran ki girma.