Layin Sahun da Goggo Ta Ƙi Bi

Jiya kafin la'asar ƙanena Sani, mai koyar da lissafi a lise, wato sakandare, ya durƙusa a tsakar gidanmu na unguwar Ridina da alli a hannu. Ni na roƙe shi ya ja mana layin sahun mata, don na daɗe ina zargin katanga muke bi, ba alƙibla ba.

Ya ce alƙibla taku biyu ce gabas, ɗaya arewa. Sahu kuwa ɗaya yamma, biyu arewa. Ya ninka gabas da yamma, arewa da arewa, ya ɗebe wannan daga wancan, saura sifiri. Wai sifirin ne shaidar layukan sun gitta juna daidai.

Sai Goggo ta shimfiɗa dardumarta inda ta saba.

Sani ya ce, "Goggo, ki ɗan karkato hagu."

"Kai Sani, kakanka da ƙafa ya nufi Makka. Da alli za ka nuna min hanya?"

"To ai a nan Ridina ya tsaya, Goggo."

Astagfirullah, da ƙyar na haɗiye dariya. Na yi kabbara tsakanin layin alli da kafaɗar Goggo. Malamai, sallata tana nan kuwa?